Dutsen da Suwailim Ya Kai wa Daktora

Suwailim Auda Ganim ya rasu ranar 9 ga Fabrairu, 1998, bayan shekara arba'in yana yi wa masu nazarin duwatsu jagora a hamadar gabashin Masar. An shaide shi da cewa bai taɓa nuna wa baƙo rijiyar da ta ƙafe ba.

A shekarar 1974 wata malamar jami'a, Daktora Insaf, ta zo daga Asyut. Littafi take rubutawa kan asalin sunayen duwatsu. A bakin murhu ta bayyana masa cewa duk dutsen da manyan ƙwayoyi suka warwatsu cikin lallausan jikinsa, Turawan Ingila suna kiransa da sunan forfiri, wato shunayya a Girkanci, saboda dutsen da Rumawa suka fasa a ƙololuwar Jabal Dukhan. Gutsure ɗaya take so daga can, amma ta gurɗe a ƙafa. Suwailim ya ɗauki guduma ya tafi shi kaɗai.

A hanya ya ga sawun akuyar dutse. Ya bi ta har la'asar, bai same ta ba, lokacin hawan kuma ya wuce. Sai ya fasa wani jan dutse a gindin wani tudu dabam, ya kai mata. Ta karɓa da hannu biyu.

Bayan shekara uku littafin ya iso. Ga hoton dutsen, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa daga ƙololuwa yake, da hannun amintaccen jagora Suwailim Auda. Danginsa suka taru aka karanta musu.

Matarsa Hamda kaɗai ya faɗa wa gaskiyar. Ta kira shi da alkunyarsa ta ce, "Abu Salim, ko naman ma ai ba mu gani ba. Ka hau ka ɗauko wa baiwar Allah dutsenta mana."

Ya ce sai sanyi ya shigo. Kowace shekara haka yake faɗa, domin aika dutsen na biyu yana nufin bayyana na farkon.

A kakar ƙarshe ta rayuwarsa ya ɗinka 'yar jaka, ya sa aka rubuta adireshin Daktora a jikinta, ya kama hawa. Gwiwoyinsa suka ƙi a rabin hanya. Ya tura gudumar ƙarƙashin wani falalen dutse, don kada ta yi masa nauyi idan ya dawo ya sake hawa.