Ƙibar Inna Kulu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mini Inna Kulu a cikin amalanke ba. Wata Talata ce da hantsi, cikin damina, a shekarata ta biyu ina riƙe da wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Bukkuyum. A takarda mu huɗu ne: ni in-caji, wato mai kula da wurin, da ungozoma, da mai ba da magani, da mai rubuta kati. A zahiri ni kaɗai ce. Tun da hare-hare suka yi yawa a hanyar Zugu, kowa ya nemi canjin wurin aiki. Maigidana da yara suna Gummi, sai in yi wata ban gan su ba.

Inna Kulu matar wani malami ce da ya rasu. 'Ya'yanta sun koma Anka, ita ta ƙi barin ɗakinta. Tana da asma tun tana budurwa, ga ta mace mai jiki ƙwarai, don sai da maƙwabta uku suka kama kafin ta sauko. Ƙirjinta na fito, ko sallama ta kasa amsawa. Na zaunar da ita, na huda gindin gorar roba na cusa abin shaƙa, yadda maganin zai taru ta ja shi a hankali. Sai wajen azahar numfashinta ya daidaita. Karo na uku ke nan da ake kawo ta a wata guda.

Na ce, "Inna, ba kya shaƙar maganin kariyar da na ba ki."

Ta ce, "Wallahi ɗiyata, sahe da marece, ban taɓa tsallakewa ba."

Ban yarda ba. Na rubuta a katinta cewa ba ta bin ƙa'ida.

Abin ya tsaya mini a rai, ga shi babu wanda zan juya in tambaya. Da la'asar na hau tudun bayan makaranta, inda kawai waya ke kamawa, na kira wani likitan ƙirji a Gusau da ya koyar da mu. Ya saurare ni, ya tambayi nauyinta, na faɗa masa.

Ya ce, "Malama Hadiza, mai yiwuwa gaskiya take faɗa. Kitse ba kaya ba ne da jiki ke ɗauka kawai. In ya yi yawa, yana zuba wasu sinadarai cikin jini masu zuga garkuwar jiki. Ita garkuwar tana da masu faɗa, tana da masu rabon faɗa. Ƙiba takan raunana masu rabon, sai hanyoyin iska su yi ta kumburi, maganin shaƙa ya kasa cin su yadda ya kamata. Ga tumbi ya tokare huhu. Amma je ki gidanta, ki ga me take haɗiya."

Washegari na je. Bayan mun gaisa na tambaye ta, ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, cike da 'yan fararen ƙwayoyi. Na san su. Maganin kumburi ne mai ƙarfi da muke bayarwa na 'yan kwanaki in asma ta tashi. Ita shekara huɗu tana sayensa a kemis, tana sha kullum. Shi ya cika mata fuska, shi ya buɗe mata ciki, shi ya tara mata kitsen da ke ƙara hura ciwon.

Na yi mata bayani yadda zan iya.

Ta ce, "To mi kika so in yi? Tun da Malam yar rasu, ba wanda yad dube ni yac ce na yi kyau sai da jikin ga yaz zo. Kowa na cewa Kulu ta murmure, 'ya'yanta na kula da ita."

Da na koma asibiti na soke abin da na rubuta a katinta.

Irin wannan ƙwaya ba a yanke ta rana ɗaya, tana iya kayar da mutum. Likitan ya tsara mini yadda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ni kuma na karɓe gwangwanin, ina ba ta na yini. Muka rage tuwo da sikarin fura, muka ƙara zogale da rama. Kullum bayan la'asar sai in je in fito da ita, mu taka zuwa rijiyar bakin gari mu dawo. Da farko sau huɗu take tsayawa. Na ce mata wannan ma magani ne, kuma ba ƙarya na yi ba, amma ni ma a yinin nan ita kaɗai nake hira da ita wadda ba ta ciwo ba.

Zuwa kaka zaninta ya fara zagaye ta da saura. Asmar ba ta rabu da ita ba, amma mun yi wata biyu ba a kawo ta ba. Sai aka kai hari ƙauyen da ke kusa da mu, babban ɗanta ya zo da mota zai tafi da ita Anka, ya ce wannan karon ba shawara. Na rubuta mata takardar da za ta kai asibiti a Anka. Ta riƙe hannuna ta tagar mota ta ce, "Ke kuma wa za ya fito da ke?" Ban sake ganinta ba.

Ku ma'aikatan lafiya da za a tura ƙauyuka, ga abin da na koya. In magani ya ƙi aiki, kada ku fara da tuhumar mara lafiya. Ku bi shi gida. Kuma kafin ku ce wa mutum ya rage jiki, ku fara sanin abin da jikin yake rufa masa.