Hancin Kakata da Ƙudan Mangwaro

Jiya na yanka mangwaro na tarar da tsutsa a ciki, sai kakata ta faɗo mini a rai.

A ƙofar gidanmu a Zongo take sayar da mangwaro, tun kafin a rushe unguwar. Idonta ya riga ya mutu, don haka kowane ɗaya sai ta shinshina shi, ta shafa bayansa da yatsa. Takan ce, "Ƙudan mangwaro ma haka yake yi. Ƙamshi ke kiransa, ya sauka ya ɗanɗana da ƙafa. In ya ji fatar ta yi laushi, nan zai soka ƙwansa."

Wata rana, ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta ware rabin kwando ta ce in zubar, ƙuda ya riga mu. Na duba, fatarsu sumul. A gaban masu saye na yi dariya na ce, "Kaka, tsufa ne kawai. Wane ƙuda ke ɗanɗano da ƙafa?"

Ta gyara mayafinta. Can ta ce, "To, maigidana, kai ne mai ido."

Na ɓoye mangwaron a ɗakina don in kunyata ta. Bayan kwana huɗu ɗakin ya ɗauki tsami. Na fasa ɗaya, tsutsa fal. Na kwashe na zubar a ɓoye, girman kai ya hana ni gaya mata. Damina na kamawa ta rasu.

Allah Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta yafe mini kafin in iske ta.