Hijabin da Malama Batulu ta kawo ɗakina

Da gari ya waye, Malama Batulu za ta fito daga Kwarbai da takalman aikinta masu nauyi a leda, ta tari keke napep zuwa jami'a. Shekara talatin ke nan tana kula da ɗakin injina na sashen injiniya, ita kaɗai mace cikin ma'aikatansa. Wata mai zuwa za ta yi ritaya. Tun da na ji, na kasa zaune na kasa tsaye.

Ni firamare kawai na yi, ɗinki nake a gida, ko magana cikin mutane ban iya ba. Amma na ga abin da ta yi wa ƙanwata Ibtisam.

Su uku ne mata a ajinsu, maza kusan saba'in. Da aka zo aikin hannu, sai aka hana su matsawa kusa da injin yankan ƙarfe, don yana iya fizgar hijabi ya shaƙe mutum. Maza ke aikin, su kuma a miƙa musu takarda su rubuta awo. Babanmu ya ce in dai sai ta cire hijabi, to ta canza sashe. Saura sati biyu jarabawa.

Ran nan sai ga Malama a ɗakina. Ta zaro nata hijabin daga jaka, gajere mai kama wuya, ana tusa shi cikin rigar aiki, ba abin da ke lilo. Ta ce in ɗinka uku. Na farkon ta ja bakinsa da ƙarfi ta dawo min da shi, wai da injin ne da tuni ya haɗiye. Sau uku ina warwarewa. Sannan ta sa nata ta sami Baba a zaure.

"Malam, dube ni da kyau. Ina abin da ya fito?"

Baba ya dube ta, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Malama, ke ce 'yan ajin suka ce kin tsaya bayan Ibtisam ranar jarabawa, kika hana kowa karɓe mata ƙarfen har ta gama. Uwar ɗakin injina, Allah ya saka miki da alheri.

Ku ma'aikatan da kuka rage a can, wa zai tsaya bayan 'yan baɗi? Ku yi koyi da ita. Ni dai awon hijabin yana nan cikin akwatin keken ɗinkina. Duk wadda aka sake miƙa wa takarda, ku turo min ita Kwarbai.