Kwalabe shida da na saya wa 'yar fari

Shekara ashirin da wani abu ina sayen aya da wake a kasuwar Gangara, ina ɗora wa motocin da ke tsallaka iyaka. Babu dillalin da ya taɓa cewa bakina ya mutu. Mutum ɗaya ce ban iya yi wa magana ba, ita ce ɗiyata ta fari. Haka muka taso: 'yar fari ba a kama sunanta, ba a zama hira da ita. In ina son ta miƙo mini tiya, garu nake duba in ce, "A miƙo tiya."

Aurenta yana garin Agiye, ɗinki take yi a ɗaki tun safe har la'asar, rana ba ta ganinta. Da cikinta ya shiga wata bakwai aka kawo ta gida goyon ciki. Na ga tana dafa garu in za ta tashi, sai na tsorata, domin ƙanenta da ƙafar baka ya taso, kuma a likita sun ce mini ƙarancin bitamin D ne. Ban so jikana ya yi irin tafiyar nan.

Ranar kasuwa na tsaya wajen wani mai teburin magani. Ya nuna mini 'yan kwalaben bitamin D kamar ɗan yatsa, ana karya bakinsu a sha. Ya ce ɗaya ake ba mai ciki. Ni kuwa a sana'ata duk wanda ya auna bai yi gyara ba marowaci ne. Na ce ya ba ni shida, kowane mako ɗaya.

Ta farko na karya na zuba mata a kunu tana gani, na ce wa garu, "A sha." Ta daɗe riƙe da kwanon, sannan ta shanye. Mako na biyu na ajiye mata kwalbar a faifai. Da na dawo daga kasuwa na tarar da ita ba a karya ba, ga karnen awon ciki, wato littafin da ake rubuta mata magani a likita, an ɗora a kai. Ita kuma tana tsinke zogale, kanta ƙasa.

Ba na karatun boko. Washegari na ƙulle karnen da kwalaben a bakin zane, na tasa ta gaba zuwa likita. Ungozomar da ke wurin sa'ata ce, a wajena take sayen wake. Ta buɗe karnen, ta sa yatsa a wani layi.

"Hajiya, an ba ta wannan a Agiye kafin ta taho. Sau ɗaya ake sha, shi ke nan. Ke nawa kika ba ta?"

"Ɗaya. Saura biyar."

"Biyar! Ragon layya kike kiwo?"

Ta ce wannan bitamin ba ya bin fitsari ya fita da sauri, taruwa yake yi a jiki. In ya yi yawa yana wahalar da ƙoda, ya taɓa uwa da abin da ke cikinta. Ta juya wajen ɗiyata ta ce, "Ke kuma kin sani kika sha?"

"Inna ce ta ba ni," in ji ta, murya can ƙasa.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a kasuwa. Ungozomar ta auna ta, ta saurari cikin, ta ce da sauƙi tunda an tsaya a nan. Ta karɓe kwalaben. Ta ce ɗiyata ta riƙa shan hantsi a tsakar gida, ta ci ƙwai da kifi in an samu, kada a ƙara mata komai sai abin da aka rubuta a karne. Sannan ta dube ni.

"Kowace safiya ki tambaye ta: akwai amai? Ƙishirwa ta yi yawa? Fitsari fa? In akwai, ku taho nan take. Ita za ki tambaya, Hajiya, da bakinki."

Safiyar farko na tsaya bakin ɗakinta na fi minti biyar ina gyara ɗankwali. Daga baya na shiga na zauna bakin gado na ce, "Ke, yaya kika kwana? Kin yi amai?"

Ta zaro ido, sai dariya ta kama ta. Ni ma na yi. Ta ce babu amai, amma bayanta na ciwo tun cikin yana wata biyar, ba ta san wanda za ta gaya wa ba. Na ce ta juya, na shiga matsa mata.

Haka muka yi kowace safiya har ta sauka, namiji, bayan an gama yankan gero. Yanzu ya fara takawa, yana bin awaki a tsakar gida, ƙafafunsa miƙe. Ta sake samun ciki bana. Ita da kanta ta kira ni a waya ta faɗa mini, ta kuma ce in na zo Agiye in taho mata da aya, kada in biya ta teburin kowa.