Ranar da Na Ƙi Aikin Masinja

Shekarar da aka buɗe sababbin kotunan Shari'a a jiharmu, ina zaune a Daura ba aikin yi. Na gama karatun kiwon lafiyar dabbobi, na yi aure, matata na da tsohon ciki. Babu ofishin da ban leƙa ba, daga Daura har Katsina. Ko'ina sai a ce in dawo wata mai zuwa. Har kunyar wucewa ta majalisar ƙofar gidanmu nake ji, sai in zagaya ta lungu.

Wata safiya kawuna, yayan mahaifiyata, ya aiko kirana.

"Na samo maka masinja a kotun Baure," in ji shi. "Albashi duk wata. Litinin za ka fara."

A satin ne kuma wani likitan dabbobi da ke duba shanu a karar Mai'adua ya ce in riƙa bin sa. Ba albashi, sai abin da masu shanu suka miƙo, amma ya ce hannuna zai faɗa.

Na koma na durƙusa gaban kawu. "Kawu, a yi haƙuri. In na shiga masinja, ina jin a nan zan tsufa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ko na cefane ba ka da shi, kake zaɓen aiki? Tashi ka ba ni wuri."

Da matata ta haihu, surukina ne ya sayi ragon suna. Kawu bai zo ba. Daminar nan na sha bin likita rugage a cikin taɓo, in dawo da ƙwaryar nono kaɗai.

Kwatsam aka yi wa likita canjin wurin aiki. Na ruga wurin kawu ina roƙo, ya ce tuni aka ba wani aikin masinjan.

Ran kasuwa na tafi kara ni kaɗai da jakar allura, don ban san inda zan nufa ba kuma. Na yi tsaye har azahar, ba wanda ya kula ni. Can wani dattijon Bafulatani ya taɓa kafaɗata.

"Malam, ba kai ke bin likita ba? Bijimina ya ƙi kiwo."

Na bi shi na yi wa bijimin allura. Kasuwa ta zagayo, bijimin ya warke, dattijon ya dawo da maƙwabcinsa, suna cigiyata in duba nasa shanun.