Kwaltar Kawu a Kan Mariƙin Inji

Ana idar da sallar asuba muka bar Haɗejiya a kan babur, ni da wani makaniken injin jirgin ruwa, ɗan Filato da ya daɗe a garin. Kawuna ne ya aiko cewa jirginsa na shan ruwa ta baya, ga shinkafarsa ta nuna a tsallaken kogi, kogin kuma kullum ƙaruwa yake.

Hanyar Auyo da sauƙi, sai da muka bar titi muka faɗa laka. Sau biyu muna tura babur. A bakin ruwa muka karya da kunu da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance har makaniken ya ce a ara masa tabarau.

Ni dai tun a hanya abu ɗaya nake ta tunani. Bara ni na kawo wa kawu ɗan farin ƙarfen nan da ake kira anod, na ɗaura a jikin mariƙin da ke riƙe inji a bayan jirgi. Aikinsa ke nan ruwa ya ci shi a maimakon mariƙin. Na san haka, na karanta. Amma a gaban kawu iyakar abin da na iya faɗa shi ne, "Ina jin gara a bar shi haka, wataƙila."

Da muka isa jirgin muka tarar an shafe anod ɗin da kwalta, baƙi ƙirin.

Kawu ya ce, "Ɗan boko, na ga abin naka yana zagwanyewa, na tausaya masa. Mu duk abin da ruwa ke ci kwalta muke sa masa, tun zamanin kakanka."

Makaniken ya kwance notuna. Ashe kwaltar ta hana ruwa taɓa anod, sai ya koma cin mariƙin. Mariƙin ya rarake, ramukan notunan sun buɗe, ruwa ya bi ta nan ya ruɓar da katako har yatsa na nutsewa. Ya girgiza kai ya ce, "Baba, ai mai gadi kuka kulle a ɗaki."

Mun zo da sabon anod da gam na toshe ramuka, sai dai babu inda za a ɗaura su. Katako sai an sake, mariƙi sai an nemo a Kano, mako guda ko fiye. Kawu ya ɗauki gora ya tura ƙaramin kwale-kwale cikin ciyawar kacalla, ya nufi gonar. Sawu uku ya yi kafin la'asar. Abin da ya kwaso bai kai rabin rabin gonar ba, kuma ruwa ya riga ya kai wuyan sauran.

Bai yi mini faɗa ba. Da muke sallama ya ce, "Da ka ce kada in taɓa, da ban taɓa ba."

Mun shigo Haɗejiya ana kiran magariba, tsohon anod ɗin a aljihuna. Na kankare kwaltar, kusan sabo ne ful. Abin da tafiyar ta koya mini, ina jin... a'a, ba ina jin ba. Na san abu, kunya ta hana ni faɗa da ƙarfi, kawu ya rasa abincin shekara.