Ranar da mahaifiyata ta kira sunan Yaya

Shekarun baya, a wani ƙauyenmu da ke bayan Doguwa, yayana ya cinna wa ciyawa wuta yana farautar gafiya. Iska ta juya, wutar ta cinye dawar maƙwabcinmu da aka tara a gona ba a kai ga ɗaurewa ba. Gafiyar kuwa ta tsira lafiya lau.

Dagaci ya ce in mai gona bai yafe ba, sai gaban alƙali, kuma kowa ya san ƙarshenta gidan yari ne. Mahaifinmu ya rasu, baffanninmu sun je kamun ƙafa sun dawo hannu rabbana.

Yaya ɗan fari ne, mahaifiyata kuwa Bafulatana ce mai kunyar gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "wancan" ko "mai babban kan nan". Ko tuwo za ta ba shi, ni take miƙa wa tana kallon bango. Na ɗauka ba za ta motsa ba. Sai ga ta da hantsi ta yafa mayafi, ta ce in raka ta.

A hanya na tsara jawabi mai sanyaya zuciya, har da aya, tunda ni ce 'yar boko. Muna isa ƙofar zauren dagaci, na ga dattawa jere har da mai gona, ga Yaya tsugune a gefe, jawabin ya bi iska. Ko gaisuwar ma a karkace ta fito.

Ita ta durƙusa daga waje. "Ranka ya daɗe, na zo neman afuwa."

"Wa kike nema wa, Inna?" in ji dagaci, alhali ya sani.

Kanta a ƙasa ta faɗi sunan Yaya, cikakke. "Ɗana ne. Shi na fara haifa."

Mai gona, wanda ya santa tun tana amarya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Tashi, Inna. Na yafe. Ya zo ya taya ni noma da damina."

Yaya kuwa kuka ya fashe da shi, ƙato da gemunsa.

Har yau in na ji ana maganar afuwa, ita nake tunawa, don na ga abin da roƙon ya ci mata. Ba ta ƙara kiran sunan ba har ta koma ga Allah. Yaya yakan ce sau ɗayan nan ya ishe shi.